Tara Biyu a Hanyar Kore Mairuwa

Ku ajiye salulolin nan tukuna. Kai mai jar riga, da kai nake. Kun ji an ce Arzika yana zaune cikin ɗaki, ba ya noma, ba ya tallan komai, latsa ordinatar, kwamfuta ke nan, kawai yake yi abinci na shigowa, shi ne kuka kwaso jiki kuka zo a koya muku kafin la'asar. To madalla. Na haura shekara goma ina kartar intanet, kuma har yau akwai hannun da in aka ba ni sai na gyara zama. Ba As biyu ba, da suka fi kowace karta, wannan ko jaki ya san abin da zai yi da shi. Ba kuma tarkace ba, wannan zubarwa ake yi a huta. Tagwayen tsakiya nake nufi, daga bakwai biyu zuwa goma biyu. Mutumin da ya koya mini sana'ar nan, Mushe Tankari, abu ɗaya ya nema a cikinta: ya zauna kan teburin gaske a babbar gasa, ya riƙe karta ta takarda a hannunsa, ya dubi fuskar abokin karawarsa, kafin idonsa ya rufe. A kan irin wannan hannu aka yanke maganar.

Ga yadda abin yake, don na lura rabinku kartar belot kaɗai kuka sani. Kowa ya shiga gasa ana ba shi tsaba daidai da ta kowa. Ana raba wa mutum karta biyu a ɓoye, a yi zubi. Sannan a shimfiɗa uku a tsakiya kowa na gani, shi muke kira shimfiɗa, a sake zubi, a ƙara ɗaya, a ƙara ta ƙarshe. Mai hannu mafi ƙarfi ya kwashe zubin, wanda kuma bai yarda da nasa ba ya zubar tun da wuri, ya bar abin da ya riga ya zuba. Akwai zubin dole da ke zagaya tebur, ka so ko ka ƙi sai ka biya in ya zo kanka, kuma yana ta hauhawa. Mu lanho muke ce masa, wato haraji, don halinsu ɗaya da na gwamnati. Wanda tsabarsa ta ƙare ya tashi. In ka tura duk abin da ke gabanka gaba ɗaya, ka yi tapi ke nan. Malamai sun ce caca ce. Ban taɓa zama na yi musu da su ba, kuma ba zan fara yau ba, kowa ya san abin da ya ɗauko wa kansa.

A siber ɗin da ke kusa da tasha, shagon intanet ɗin nan, na san Mushe Tankari, lokacin ni ke tsaron wurin, ina buga wa mutane takardu. Mutumin Tibiri ne, tsohon malamin lissafi a lakkol, makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, ya yi ritaya. Kowace Lahadi sai ya zo da butar shayinsa ya kama ordinatar ta lungu, ba ya kula kowa. Rannan na leƙa ta bayansa na ga an ba shi bakwai biyu, wani ya ɗaga zubi tun daga kujerar farko, sai ya zubar. Na ce, "Haba Mushe, tagwaye fa!" Bai waigo ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Da gasar ta tafi hutu ya kira ni, ya ce in ja kujera. Ya ce, "Wanga mutum tun da munka zamna bai shiga hannu ba sai yanzu. Mi kake tsammani yake riƙe da shi, gyaɗa?" Daga ranar na zama ɗalibinsa. Damina guda da rani guda na yi ina kallo ina dafa shayi, bai bar ni na taɓa linzamin ordinatar ba.

Abin da ya koya mini a kan tagwayen tsakiya ba shi da yawa, riƙe shi ne wuya. Hannu ne da yake gaba da yawancin abin da mutane ke riƙe da shi kafin shimfiɗa, amma da an shimfiɗa sai ya zama abin tausayi. Kana da takwas biyu, sai ga sarki, ga goma, ga huɗu a tsakiya. Yanzu fa? Kana gaba ko kana baya? Ba ka sani ba, kuma kowane zubi sai ka biya kuɗin rashin sanin. In ka kara da mai As da sarki, kusan raba daidai ne, ka ɗan fi shi da kaɗan. In ka faɗa hannun wanda tagwayensa suka fi naka, sau ɗaya cikin biyar za ka tsira. Abin da kake fata shi ne ɗan'uwansu na uku ya fito a shimfiɗa, shi kuwa kusan sau ɗaya cikin takwas yake zuwa. Sauran bakwan haƙuri ne.

Saboda haka kafin ka motsa sai ka duba inda kake zaune, ka duba wa ya shiga kafin kai, ka duba tsabarka lanho nawa za ta biya. In tsabarka da yawa, ta abokin karawarka ma da yawa, sai ka bi da arha ka jira na uku, don ranar da ya zo za ka kwashe abin da zai biya duk ranakun da bai zo ba. In tsabarka ta yi ƙasa, lanho goma ko sha biyar, ba ka da halin jira, tapi ne ko zubarwa. Wahalar tana tsakani. Nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya zo yawon buɗe ido. Mai ɗaga zubi daga kujerar ƙarshe kowane zagaye, sata yake yi, ka tura masa tara biyu a fuska ya gudu. Tsohon da ya kwana biyu bai motsa ba, in ya ɗaga daga kujerar farko, ka ba shi hanya.

Masu ciyar da mu kuwa ba mu taɓa ganinsu ba. Turawa ne da ke zama ranar Lahadi bayan sun ci sun ƙoshi, wani da kwalba a gefe, wani yana kallon ƙwallo da ido ɗaya. Su wasa suke yi, mu aiki muke yi. Kada ku raina su dai, cikinsu akwai yara masu buɗe tebur goma a lokaci guda, waɗanda rezonsu, layin intanet ɗinsu, bai taɓa ko tari ba. Namu kayan aikin ordinatar ce ta hannu da aka sayo gwanjo, salula mai sim biyu, batir, da fanka ƙarama da ake saka wa ordinatar, ba mutum ba. Kai ka yi gumi, ba komai. Ita in ta yi zafi mutuwa take yi.

Wani hannu na takwas biyu shi ya canza mana wasa a garin nan. Mushe ne ke zaune, gasa ta yi nisa, tsabarsa da kauri. Wani ya ɗaga, ya bi, kamar yadda littafi ya ce. Aka shimfiɗa, sai ga takwas ta uku. Mutumin ya zuba, Mushe ya bi a hankali don kada ya firgita shi. Aka ƙara karta, mutumin ya zuba mai yawa. Mushe ya ɗaga yatsa ke nan, rezo ya ɗauke. Na canza sim, na fita waje da salula, na hau kan benci. Ordinatar can wajensu ba ta san uzuri ba, lokaci take ƙirga maka, in ya cika ta zubar maka da hannu. Da rezo ya dawo, rabin tsabar Mushe na gaban Bature. Ya shanye shayinsa. Sannan ya ce, "Arzika, littahin nan ba don mu anka rubuta shi ba. Wanda ya rubuta shi ba a ɗauke mishi wuta."

Lissafin da ya yi mai sauƙi ne. In ka bi zubi ka jira shimfiɗa, sau uku ko huɗu za ka buƙaci rezo kafin hannu ya ƙare. In kuwa ka yi tapi tun kafin shimfiɗa, ka gama naka. Ko eriyar rezo ta faɗi, ko gari ya yi duhu, ordinatar za ta raba sauran kartar ba tare da kai ba, in ka ci a tara maka. Sai ya kafa doka: a nan Dogon Dutsi tagwayen tsakiya ba sa ganin shimfiɗa da sauran tsaba a hannu. Ko a tura, ko a zubar. Kuma in turawa ce, a tura da sauri, don rezon da ke nan yanzu ba lalle ya kai ƙiftawar ido ba. Muka ƙara faɗin tapi fiye da yadda kowane littafi ya yarda. Turawa suka riƙa rubuto mana zagi da Faransanci, wai mahaukata. Mu dai mun ci abinci da haukar nan shekaru. Hannu ya saba har ya riga kai: ka ga tagwaye, yatsa ya tafi, tunani ya biyo baya.

Ana cikin haka idon Mushe ya fara. Da farko gefe-gefe ne ya dushe, sai ya riƙa juya kai gaba ɗaya in zai dubi mutum. Ya je asibiti, likita ya ce ciwon ya riga ya ci jijiya, magani jinkirtawa kawai zai yi, kuma kada ya sa rai da ganin baƙaƙe bayan shekara guda. Ya dawo ya ƙara girman teburin a ordinatar har kartarsa ta kai tafin hannu, ya sayi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo don ƙananan rubutu. Ya tafi Yamai ya yi fasfo. Akwai wata gasa da ake yi sau ɗaya a shekara, wadda ba kuɗi ake ci ba, kujera ake ci: jirgi, masauki, da wurin zama a teburin gaske a wata ƙasar Larabawa ta bakin teku. Kujeru shida. Na ɗaya da na shida duk abu ɗaya suke samu, na bakwai kuwa ko sannu ba a ce masa. Ya ce bana ko babu.

Bana ɗin kuwa ita ce shekarar da aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya. Ku kun san ta, a lokacin kuna yawo da caja a aljihu kamar masu neman wuta a maƙwabta. Ni shekarar ban ga komai ba sai asara. Eriyoyin gari da gurup, wato janareta, suke aiki, mai ya yi tsada, sai su yi ta mutuwa suna farfaɗowa. Ka biya kuɗin shiga gasa, ka zauna kana kallon lanho na cin tsabarka kana waje. Abokan sana'armu biyu suka bari, ɗaya ya koma sayar da wake, ɗaya ya tafi Kwatano.

Ba a fafe gora ranar tafiya, sai na fara neman batir tun da wuri. Na je wurin Murtala, yaron nan mai shagon kayan sola, ɗan ƙanwar matata ne. Ya tashi ya ba ni kujera, ya kawo ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Kawu, in don gida ne, ka ɗauki wanda kake so, ba sai ka biya ba. Amma na san abin da za a yi da shi. Ka yi mini haƙuri, ba zan sa hannu ba." Na ce ya kyauta, muka yi sallama lafiya. A ƙarshe wani direban motar Sukukutane da motarsa ke kwance ba taya ya ciro mana nasa. Rezo kuma na bi hanyar Kore Mairuwa da ƙafa ina duba salula, har na samu wani tudu cikin gonar gero, da tsamiya a kai, inda ake kamo wata eriya mai aiki da hasken rana. A ƙasa sanda ɗaya take bayarwa. In ka hau reshe na biyu ka miƙa hannu wajen kudu, sai ta cika.

Ranar Lahadin gasar muka ɗora batir da ordinatar da tabarma a amalanken jaki, muka fita da hantsi. A hanya Mushe yana ta maimaita wa kansa karatu. Ya ce, "Wagga gasa ba irin sauran ba ta. In an kai ƙarshe, ko As biyu anka ba ni zubdawa zan yi. Ba cin kowa nike so ba, zama nike so." Na ce haka ne, Mushe. Shi ya koya mini wannan da bakinsa tun ina dafa shayi.

Na gwada ɗaure salular a reshe da tsumma, sai iska ta riƙa juya ta rezo na faɗuwa. Dole na hau na riƙe da hannu. Haka muka yini, shi a ƙasa ya lulluɓa rawani a kansa da ordinatar don hasken rana, ni a sama ina canza hannu in ɗaya ya mutu. Dokarsa ce ba a yi masa magana yana cikin hannu, kuma daga inda nake ko da na so ba na ganin komai sai ƙeyarsa. Lokacin hutu nake saukowa, mu yi salla da sauri, in koma. Tururuwa suka ci rabonsu a ƙafata. Can wajen la'asar sakaliya ya ɗago ya ce, "Saura goma sha ɗaya!" Jim kaɗan ya ce, "Saura tara! Riƙe da kyau!" Na riƙe. Tunda nake sana'ar nan ban taɓa ganin rezo ya zauna daram kamar na ranar ba.

Abin da ya faru a ƙasa daga baya na gan shi, da na sake buɗe hannun. Mutum bakwai suka rage, a tebur biyu. Biyu sun fita kusan tare a ɗaya teburin, Mushe bai sani ba. Ordinatar ta rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe, gilashinsa kuma na ajiye kan tabarma kusa da gwiwarsa. A can ɗaya teburin akwai wani da tsabarsa ba ta kai ko lanho ɗaya ba, kuma zubin dole na gab da isowa kansa. Mushe shi ne na huɗu, da tsabar lanho goma sha huɗu. Abin da ya rage masa shi ne ya naɗe hannu ya zauna. Sai aka ba shi tara biyu. Kowa ya zubar har aka zo kansa, saura mutum ɗaya a bayansa, wanda ya fi kowa tsaba. Akwai lokacin tunani na musamman da ake ba kowane ɗan wasa ya ajiye don irin wannan wuri. Na Mushe cike yake, tun safe bai taɓa shi ba. Ya tura.

Mai tsabar nan dam biyu gare shi, tagwayen da suka fi tara, kuma ko ya faɗi ba abin da zai same shi. Ya bi. Aka shimfiɗa biyar, babu tara.

Ni dai ina sama riƙe da salula. Sai ya yaye rawanin ya ce, "Sabko."

Na ce, "An yanke ne, Mushe?"

Ya ce, "Ba a yanke ba. Sabko ka karanta min wanga rubutu, ya yi ƙanana."

Na sauko na durƙusa na karanta masa. An gama gasa, ana taya mutum shida murna. Ya ce in karanto tsabar kowa. Na karanto, har na zo kan na shidan.

Ya ce, "Nawa?"

Na sake faɗi.

Ya ce, "Mu bakwai muke?"

Na ce, "Ku bakwai, Mushe."

Ya laluba ya ɗauki gilashin nan, ya jujjuya shi, ya sa a aljihu. Ya ce, "Sabo turken wawa." Can kuma ya ce, "Kwance jakin, hadari na tahe."

A hanyar dawowa na yi lissafin da ban so na yi ba. Da hannuna ya gaji na sauke salular, da ordinatar ta zubar masa da tara biyun nan da kanta, kuma da wuya ya rasa kujerarsa. Shekaru muna gudun yankewar rezo, ranar da yankewar za ta yi mana rana kuma na hau bishiya na hana ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi. Ban faɗa masa ba, shi ma bai faɗa mini ba, alhali malamin lissafi ne, ya riga ni gani. Ruwa ya kama mu kafin mu shiga gari, muka lulluɓe batir da tabarma.

Da gasar ta zagayo shekara ta gaba, ko kartar da ta kai tafin hannu ba ya rarrabewa. Wuta ta dawo, rezo ya ɗan gyaru, ni kuma na zauna na kwance wa hannuna abin da muka ɗaura masa. Yanzu in na ga tagwaye, sai na janye hannu daga linzami na ɗora kan cinya tukuna. Ya fi koyon wasan wuya. Saboda haka wanda ke son koyo cikinku, ya zo Lahadi ya zauna a bayana, ya yi shiru, ya dafa shayi. Wanda ke son kuɗi kafin la'asar kuwa, ga ƙofa nan, a gaida gida.

In za ku fita ku yi a hankali, kada ku taka ƙafar tsohon da ke zaune bakin ƙofa kan kujerar roba, wanda kuka wuce ɗazu ba wanda ya ba shi hannu. Kowace Lahadi jikarsa ke jawo shi ta ajiye. Yana jin ƙarar rabon karta ta cikin taga, ya san ta sarai. In ya ji na yi shiru sai ya ɗaga murya.

"Arzika, mi anka ba ka?"

In ce, "Tara biyu, Mushe."

Sai ya ce, "Dakata. Mutum nawa sunka rage?"